Albam ɗin da ya yi ƙara amma ya ƙi ba da tsoro: nazarin aikin wata 22

Wannan bayani ne a kan wani mawaƙi guda ɗaya da albam ɗinsa guda ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, mai albam kawai zan riƙa ce masa. Niyyarsa ya fitar da albam na indastiriyal rok wanda gaba ɗayansa labarin ban tsoro ne, ya ɗibar wa kansa wata 10, aikin ya ci wata 22, kuma matsalar da ta riƙe shi duk tsawon lokacin nan guda ɗaya ce, waƙoƙin suna da ƙarfi suna da hayaniya amma ko mutum ɗaya bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba.

## Asalin lamarin

Ga wanda bai saba da irin kiɗan ba, indastiriyal rok haɗi ne na gitar lantarki mai ƙazamin sauti da gangar kwamfuta da ƙarar injina da ƙarafa. Tushensa yana Ingila, inda ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa kamfanin faifai mai suna Industrial Records a Landan a 1976. A 1980 Einstürzende Neubauten suka fito a Balin ta Yamma suna dukan tsofaffin ƙarafa da kayan gini a madadin ganga, a 1982 kuma Skinny Puppy suka fito a Kanada, su ne suka shahara da yanko maganganu daga finafinan ban tsoro suna sakawa cikin kiɗa, su hau dandali jikinsu duk jinin ƙarya. Daga baya Ministry da Nine Inch Nails a Amurka suka shigo da gita sosai abin ya zama rok na gaske, a 1998 Rob Zombie ya fitar da Hellbilly Deluxe wanda ya sa haɗin dodanni da wannan kiɗa ya shiga kasuwa sosai. To mai albam da waɗannan ya tashi, a wurinsa ai haka ake yi, ka yanko ihu daga fim ka ɗora gita a kai ka buɗe ƙara.

Shi kaɗai yake aiki. Yana da aikin yini da yake ci da kansa, kiɗan sai dare, a wani ɗaki mai mita 3 da mita 4, kayan aikinsa kwamfuta ce da gita ɗaya da makirfo ɗaya da hedifon, sifika yana da ita amma ba ya iya kunnawa da daddare saboda maƙwabta. Labarin da ya tsara mai kyau ne gaskiya, wani mai gadi ne a masana'antar da aka rufe shekaru, an yanke wuta tuntuni, amma kullum cikin dare sai ya ji injinan suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace waƙa dare ɗaya ce daga cikin dararen. Ranar da ya sa wa kansa ita ce 31 ga Oktoba, ranar Halowin, bikin da Turawa suke yin shigar ban tsoro, don lokacin ne masu irin wannan kaya suke samun masu saurare.

## Janairu zuwa Afrilu, shekara ta farko: gini

Wata huɗun nan abin ya tafi da sauri. Ya rubuta waƙa 12, tsawonsu gaba ɗaya minti 58, kusan dukkansu suna gudu tsakanin bugu 120 zuwa 135 a minti. Kowace waƙa ta fara da gutsuren magana daga wani fim ɗin ban tsoro, gutsure 23 ne a albam ɗin duka, sai ganga ta shigo sai gita, muryarsa kuwa daga baitin farko har amshi na ƙarshe a gurɓace take da na'ura, ba a jin kalma sai an kasa kunne sosai. A waƙar da ta fi cika akwai layin sauti 74 a jere, wato rikodin daban-daban da aka ɗora wa juna suna tafiya lokaci guda, gita kaɗai layi 8 ce.

## Mayu: gwajin farko

Ya tura wa mutum shida, duk masu jin irin kiɗan ne, ya roƙe su abu biyu, su saurara a zama ɗaya, kuma su rubuta masa minti nawa ne suka ji fargaba. Biyu ne kawai suka kai ƙarshe. Uku sun tsaya tsakanin waƙa ta 5 da ta 7 suka ce kunnensu ya gaji, ɗayan ya ce ya kai ƙarshe amma yana wani aikin ne yana ji don haka kar a ƙirga da shi. Wurin rubuta mintin fargaba kuwa ba wanda ya rubuta komai, abin da suka yi ta maimaitawa shi ne albam ɗin yana da nauyi, ya dace da motsa jiki, gitar ta yi. Ɗaya ta ƙara da cewa ba ta ma san akwai labarin mai gadi a ciki ba sai da ya faɗa mata.

## Yuni da Yuli: ƙarin ƙarfi

Abin da ya fahimta daga gwajin shi ne bai kai maƙura ba, don haka ya ƙara. Ya ƙara layin gita, ya ƙara ƙarafa, ya matse sautin da limita, na'urar da ke danne wuraren da suka fi ƙara don a samu damar ɗaga ƙarfin waƙar duka, har ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira LUFS ya kai kusan -5 (a wannan ma'auni lambar da ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi), wato kusan babu tazara tsakanin wurin da ya fi shiru da wurin da ya fi ƙara, in ka kalli hoton sautin a kwamfuta baƙin sanda ne kawai daga farko har ƙarshe. Da ya gwada shi kusa da wasu waƙoƙi a ma'auni ɗaya sai ya ga nasa ya fi su ƙanƙanta a kunne. Dalili kuwa Spotify, manhajar sauraren waƙoƙi, yana daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS in mai saurare bai canja saitin ba, duk waƙar da ta haura sai a rage mata, tasa za a rage mata wajen desibel 9, ƙarfin da ya sha wahala ya tara ya tafi, abin da ya rage sai gangar da matsi ya kashe mata duka.

Akwai kuma matsalar cunkoso. Gitar da ƙarafan da muryar duk sun taru a wuri ɗaya, tsakanin 2,000 zuwa 5,000 Hz, ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramar lamba mai kauri babba siriri, nan ne kuma kunnen mutum ya fi ji kuma ya fi saurin gajiya, in sauti biyu suka haɗu a wuri guda mai ƙarfin yana danne ɗayan, kamar mutum goma suna magana lokaci guda a ƙaramin ɗaki, kana jin hayaniya amma ba ka jin kowa. Duk layin da ya ƙara wani layin ya binne.

A wannan tsakanin ne ya gwada dabarar 19 Hz. Ya karanta labarin Vic Tandy, wani injiniya a Ingila da ya wallafa bayani a 1998 cewa wani ɗakin aiki da ma'aikata suke jin kamar akwai fatalwa a ciki, ashe wata fanka ce take fitar da sauti a wajen 19 Hz, ƙasa kaɗan da 20 Hz inda jin ɗan Adam yake farawa. Sai ya shimfiɗa wannan sauti a ƙarƙashin waƙa 12 ɗin duka yana fatan mutane su ji ɗar-ɗar ba tare da sun san dalili ba. Sifikar waya ba ta iya fitar da irin wannan sauti sam, ko 60 Hz ba ta fitarwa balle 19, amma limita tana ganinsa tana lissafi da shi, sai ya cinye wurin da ya kamata ganga da bes, wato gita mai kaurin sauti, su samu. Ya cire shi ƙarshen Yuli. Ya kuma saka tsawa ta ba-zata a wuri tara, shiru na daƙiƙa ɗaya sai wani mugun duka, wanda ya gwada wa ya zabura a na farko, a na uku ya yi dariya, daga nan ya fara hango su tun kafin su zo. Jiki haka yake, razana tana raguwa in abin ya maimaitu.

## Agusta da Satumba: gutsuren finafinai

Tsakiyar Agusta ya ɗora albam ɗin a wurin kamfanin da ke raba waƙoƙi zuwa manhajojin saurare. Bayan 'yan kwanaki aka dawo masa da shi, aka ce akwai sautin da ba nasa ba, ya kawo takardar izini ko ya cire. Shi a zatonsa gutsuren da bai kai daƙiƙa biyar ba babu laifi, wannan magana tana yawo sosai a tsakanin mawaƙa amma babu wata doka da ta ce haka. A Amurka ma wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2005 a shari'ar Bridgeport da Dimension Films cewa duk ƙanƙantar abin da ka yanko daga rikodin wani sai da lasisi, a 2016 wata kotun ta saɓa mata a kan gutsuren da ya yi ƙanƙanta har ba a gane shi, amma kamfanonin rabawa ba sa zama su yi maka wannan muhawara, sun ga abu sun mayar, shi ke nan. Kuma nasa ba ma irin wanda ba a ganewa ba ne, don a gane su ya saka su.

Ya rubuta wa masu haƙƙin mallakar finafinan. Yawancinsu ba su amsa ba, waɗanda suka amsa kuɗin da suka nema ya fi abin da ya kashe a albam ɗin gaba ɗaya. Sai ya koma kan finafinan da ba su da mai haƙƙi, babba a cikinsu Night of the Living Dead na 1968, wanda ya zama na kowa a Amurka saboda lokacin da aka canja masa suna an manta ba a saka sanarwar haƙƙin mallaka a jikinsa ba. Ta fuskar doka wannan ya wuce, amma da ya kunna wa mutum biyu sai suka yi murmushi suka ƙarasa maganar da bakinsu, sun ji ta a wurare da yawa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Da ya cire gutsuren duka ya saurari abin da ya rage, sai ya tarar babu wani abu na tsoro da ya saura a ciki in ban da sunayen waƙoƙin.

## Oktoba: kunne

Makonni uku na farkon Oktoba ya yi ta ƙoƙarin cike gurbin, awa biyar zuwa shida kowane dare da hedifon a kai, kuma duk lokacin da kunne ya gaji sai ya ƙara murya don ya ji daidai, wanda hakan ke ƙara gajiyar. Wata safiya ya tashi kunnen hagu yana masa wani siririn kuka da bai tsaya ba, da ma yakan ji haka bayan aiki ya wuce kafin gari ya waye, wannan karon bai wuce ba. Likitan kunne ya gwada shi ya ga jin ya ɗan ragu a wajen 4,000 Hz, inda illar ƙara ta saba fara bayyana, ya yi masa lissafin da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka NIOSH take amfani da shi, desibel 85 awa 8 ne iyaka, duk ƙarin desibel 3 lokacin ya rabu biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, in an kai 100 minti 15 ne kacal. Bai taɓa auna ƙarfin hedifon ɗinsa ba ko sau ɗaya. Ranar 31 ga Oktoba ta zo ta wuce ba a fitar da komai ba.

## Nuwamba zuwa Janairu: naɗar sauti

Mako shida bai buɗe aikin ba. Da ya dawo tunda an hana shi dogon zama da hedifon, sai ya ɗauki ƙaramar na'urar rikodin ya fita neman abin da zai maye gurbin gutsuren finafinan, ya samu izini a wani wurin tara tsofaffin ƙarafa ya riƙa zuwa ranar da ba a aiki. Ya haɗa da irin makirfon nan da ake mannawa a jikin abu, wanda ba iska yake ji ba girgizar ƙarfen yake ɗauka kai tsaye. Ya manna shi a jikin wani tsohon tankin ƙarfe ya ja sarƙa a hankali ta ɗaya gefen, a kunne abin ba komai ba ne, ƙarar sarƙa ce kawai, amma a rikodin sai ka ji kamar wani abu mai nauyi yana juyi a cikin tankin. Yana naɗa a 96 kHz, wato na'urar tana auna sautin sau 96,000 a daƙiƙa, don ya samu damar rage gudu ba tare da sautin ya dushe sosai ba, in ka rage gudu zuwa rabi lambar Hz ɗin sautin ita ma tana komawa rabi sai ya ƙara kauri, ya mai da ƙarar ƙyauren ƙofa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ta koma wani nishi mai tsawo. Injin firji lokacin da yake tashi, ɗigon ruwa a kan kwano, takunsa a kan siminti, numfashinsa bayan ya hau bene da gudu, duk ya tara, sauti wajen 300 ya zaɓi ƙasa da 40.

Masu fim sun daɗe suna wannan, ƙarar sukar wuƙa a fim ɗin Psycho na 1960 ma wani nau'in kankana aka caka. Bambancin da wannan ya kawo wa mai albam shi ne sautukan nasa ba wanda ya taɓa jin su, mai saurare ba zai iya cewa na wane fim ne ba, ba zai ma iya cewa mene ne ba.

## Fabrairu zuwa Afrilu, shekara ta biyu: ragi

A nan ya kawo mutum na biyu cikin aikin, wata injiniyar sauti da ta fi shi shekaru kuma yawancin aikinta na finafinai ne. Zaman farko ba ta taɓa komai ba, ta buɗe waƙar nan mai layi 74 ta riƙa kashe su ɗaya ɗaya tana tambayarsa wannan me yake yi a daren mai gadin, wanda bai iya amsawa ba ya zauna a kashe. An ƙare da layi 31. Gita ta dawo layi 2, ɗaya hagu ɗaya dama, aka yanke mata duk abin da ke ƙasa da wajen 100 Hz aka bar wa bes da ganga wurin, ƙarafa aka rage musu kaifi a wajen 3,000 Hz don murya ta samu hanya. Abin mamaki gitar ta fi girma a kunne da layi 2 a kan layi 8. Aiki kuma ya koma na rana a sitidiyonta da sifika, ana auna ƙarfi ana riƙe shi ƙasa da desibel 80, ana hutu kowane minti 45.

Muryar ce suka fi jayayya a kai. Shi yana ganin murya mai tsafta ba ta indastiriyal ba ce, ita kuma ta ce in ba a ji mai gadin a matsayin mutum ba to ba wanda zai ji masa tsoro. Ta kawo masa binciken da Luc Arnal da David Poeppel da abokan aikinsu suka wallafa a 2015, inda suka nuna cewa ihun mutum yana da wani kaushi na musamman, ƙarfinsa yana karkarwa sau 30 zuwa 150 a daƙiƙa, alhali magana ta yau da kullum sau 4 zuwa 5 take yi, kuma wannan kaushin yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke lura da haɗari. Gurɓata sauti da na'ura yana kawo irin wannan kaushi, amma alamar haɗarin da aka bari a kunne minti 58 ba ta faɗa wa kowa komai. Suka sake ɗaukar baitocin duka, bakinsa kamar santimita 5 daga makirfo, kusan raɗa, babu amsa-kuwwa ko kaɗan don a ji shi kamar a gefen kunne, injinan kuma aka ba su amsa-kuwwa mai tsawo suna can nesa, a hankali waƙa bayan waƙa ana rage musu amsa-kuwwar ana ƙara musu ƙarfi, wato suna matsowa. Gurɓatacciyar murya aka bar ta a wuri uku kawai a albam ɗin duka.

Waƙa ta 4 ita ce ta fi nuna sabon tsarin. Tana tafiya da cikakkiyar ganga da gita har minti 2 da daƙiƙa 10, sai komai ya yanke lokaci guda, ba a bar komai ba sai numfashin mai gadin, yana shiga yana fita da sauri sannan ya fara lafawa, kujera ta ɗan yi ƙara ta hagu, daƙiƙa 11 ana haka, sai can ƙasa-ƙasa ta dama wani numfashin ya shigo wanda bai yi daidai da na farkon ba, ya fi shi jinkiri ya fi shi kauri. Ba a yi tsawa a bayansa ba. Mai gadin ya riƙe numfashinsa, ɗayan ya ci gaba, sau uku, sannan ganga ta dawo a hankali. Numfashi na biyun nasa ne shi ma, an rage masa gudu ne kawai.

Ragin ma sai da ya wuce gona da iri. Zuwa ƙarshen Maris sun cire ganga daga waƙa shida, abin ya koma kiɗan bayan fim, babu abin da za a kaɗa kai a kansa, wanda ya saurara ya ce ya yi barci a ta 6. Sun kuma yi amfani da dabarar nan ta Roger Shepard ta 1964, sautin da kake ji kamar yana ta hawa ba ya kai ƙarshe, a waƙa biyar, ya zama abin da ake hangowa shi ma. A Afrilu aka mayar da cikakkiyar ganga da gita a huɗu daga cikin shidan, sautin Shepard aka bar shi a waƙar ƙarshe kaɗai, aka zubar da waƙa uku gaba ɗaya. Albam ya tsaya a waƙa 9, minti 41, gudunsu daga bugu 70 zuwa 140 a minti.

## Mayu zuwa Agusta: mastarin da gwaji na biyu

An yi mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin a fitar, a wajen -11 LUFS in aka auna albam ɗin gaba ɗaya, waƙoƙi masu nauyi sun fi haka ƙarfi masu shiru sun yi ƙasa sosai, kuma an bar su haka da gangan tunda in aka kunna albam a jere Spotify yana daidaita shi a matsayin abu ɗaya, bambancin da ke tsakanin waƙoƙin ba ya ɓacewa. A Yuli aka sake gwaji da mutum takwas, uku daga cikin na farko biyar sababbi, tambayoyin ba su canja ba. Takwas ɗin duka sun kai ƙarshe. Shida sun rubuta aƙalla wuri ɗaya, biyar daga cikinsu wurin numfashin nan na waƙa ta 4 suka rubuta, ɗaya ta ce sai da ta cire hedifon ta waiga. Bakwai sun iya ba da labarin mai gadin ba tare da an faɗa musu ba. Waƙa ta 7 da ta 8 ba wanda ya ambace su ko da alheri ko da sharri. Biyun da suka saurara a mota sun ce wuraren shirun sun ɓace a ƙarar hanya, ba su ji numfashi na biyu ba sam.

## Oktoba: fitowa

An ɗora shi mako biyar kafin ranar, kamfanin rabawa ya karɓa a karon farko ba tambaya tunda kowane sauti nasa ne. Ya fito ranar Juma'a a tsakiyar Oktoba, don tun 2015 Juma'a ce ranar fitar da sababbin waƙoƙi a duniya, kuma ya samu mako biyu kafin Halowin. Bai yi wata kasuwa ta a-zo-a-gani ba, bai mayar da kuɗin injiniya ba a watannin farko, masu saurarensa 'yan kaɗan ne amma saƙonnin da suke turo masa a kan labarin suke magana da kuma waƙa ta 4, wasu 'yan fim biyu masu ƙaramin ƙarfi sun nemi izinin saka sautukansa a aikinsu. Kukan kunnen hagu ya ragu amma yana nan.

## Abin da na gani a ciki

A ganina abubuwa ukun da ba su yi aiki ba, ƙarin ƙarfi da 19 Hz da gutsuren finafinai, duk hanya ɗaya suka bi, yana neman wani abu daga waje da zai zuba a kan waƙoƙin ya zama tsoro, alhali ginin waƙoƙin bai canja ba. Gutsuren ma tun kafin maganar doka ta taso ba sa aiki, gwajin Mayu ya riga ya nuna haka, suna tuna wa mutum fim ɗin da ya taɓa tsorata shi ne kawai, abin da mutum ya gane kuma ya san iyakarsa. Abin da ya yi aiki shi ne mai saurare ya samu mutumin da zai damu da shi, ya ji sautin da bai iya sa wa suna ba, sannan aka ba shi sarari ya jira. Shi ya sa ban yarda a ce shiru ne kawai maganin ba, sigar Maris tana cike da shiru ta sa mutum barci, daƙiƙa 11 ɗin nan sun yi tasiri ne saboda minti biyu na duka da suka gabace su, a nan ne ma irin wannan kiɗa ya fi kiɗan fim dama don yana da nauyin da zai iya janyewa lokaci guda.

Ba zan ba injiniyar yabon duka ba, labarin mai gadin da sautukan tankin da numfashin duk nasa ne kuma ya tara su kafin ta shigo, amma tambayar da ta yi a zaman farko da an yi ta a watan Mayu na shekara ta farko da an huta da wata biyar na wahala daga Yuni zuwa Oktoba, wataƙila da kunnen ma bai taɓu ba, wannan ɓangaren shi ya fi damuna a lamarin gaba ɗaya domin shi ne ba ya gyaruwa da sake haɗa sauti, kuma na'urar auna ƙara ba wani abu ne mai wuyar samu ba. Maganar mota kuma farashi ne da suka zaɓa su biya, na goyi bayansu, albam ne na hedifon da ɗaki, duk da da an ɗaga numfashi na biyun da desibel 2 ko 3 ba na jin zai rasa komai. Waƙa ta 7 da ta 8 kuwa ya kamata a ce ɗaya ta tafi, gwajin Yuli ya nuna ba sa ɗaukar komai na labarin, ya bar su ne don yana ganin minti 41 shi ne ƙarancin abin da za a kira albam, kuma a daidai wurin da injinan suka fi matsowa ne waƙoƙin biyu suke sa tafiyar ta yi sanyi na wajen minti tara kafin ta ƙarshe ta shigo.